Kurakuran da aka fi yi wajen saita kafireto da tiyoyin bakum

Duk motar da silonta ya fara rawa, kafireto ake fara zargi. Mai mota zai shigo gareji ya ce, "Maigida, tana shan mai, kuma da na ɗaga ƙafa sai ta mutu, a ɗan taɓa min kafireto." Kafin ya rufe baki yaron gareji ya ɗauko sukundireba. Wannan gaggawar ita ce uwar kurakuran. Na daɗe ina riƙe da Fijo 504, irin wadda aka riƙa haɗawa a Kaduna tun 1975, kuma abin da ta koya mini shi ne sukurun kafireto ne abu na ƙarshe da ya kamata hannu ya taɓa.

Aikin kafireto guda ɗaya ne, gauraya fetur da iska. Injin fetur na son kusan kashi 14.7 na iska ga kashi 1 na mai, a ma'aunin nauyi. Kafireto kuwa iskar da ta bi ta bakinsa kaɗai yake yi wa awo. Duk wadda ta saci hanya ta shiga ta ƙarƙashinsa, ko ta tsagar tiyo, ko ta gaskit, bai san da ita ba, ba zai ba ta rabonta na mai ba. Sai cakuɗar ta tsinke, silo ya riƙa hawa da sauka, mota ta riƙa mutuwa a danja.

A nan ne ake tafka kuskuren da ya fi ɓata mini rai. Maimakon a nemo inda iskar ke shiga, sai a buɗe sukurun mai, a ɗaure sukurun silo har injin ya daina rawa. An rufe ciwo da tsumma ke nan. Motar za ta tsaya a silo, amma ta ƙara shan mai, wani fulogin ya yi baƙi wani ya yi fari fat, domin silindar da ke kusa da tsagar ita ta fi shan iskar sata. Haka aka taɓa yi mini a wani gareji, sau uku ina komawa. Ranar da na gaji, na buɗe bonet da sassafe, unguwa shiru, na kasa kunne. Sai na ji wani siririn sauti, sssss, kamar na tayar da ƙusa ta huda. Na bi shi da yatsa har ƙarƙashin babban tiyon da ke zuwa tukunyar burki. Ta sama lafiyarsa ƙalau, da na lanƙwasa shi sai ga tsaga ta buɗe baki, tsawon farce. Ina ɗora babban yatsa a kai injin ya daidaita nan take.

Neman irin wannan ɓarakar ba ya buƙatar na'ura. A bar injin a silo, a riƙa matse tiyoyin roba ɗaya bayan ɗaya da filaya, a hankali. Wanda aka matse sautin injin ya sauya ya yi daɗi, shi ko abin da ke ƙarshensa ne ke yoyo. Ko a ɗan rufe rabin bakin kafireto da tafin hannu: idan silo ya ƙaru maimakon ya faɗi, akwai iskar da ke shiga ta wani wuri. Wasu na fesa fetur a gindin kafireto su saurari sauyin sauti. Dabarar tana aiki, amma wasa ne da wuta a gefen manifol mai zafi da wayoyin fulogi, ban ba kowa shawararta ba. Wanda ke da agogon awon bakum, wato ƙarfin zuƙar iska da injin ke yi, lafiyayyen injin da ya yi zafi kan nuna inci 17 zuwa 21 a silo, allura a tsaye ba rawa. A kan tudu kamar Jos adadin kan yi ƙasa da haka da inci uku ko huɗu, saboda iskar can ba ta da nauyi, kada a ɗauka cuta ce. Masu Golf 2 kuma su fara duba robar nan mai kauri da kafireto ke zaune a kanta. Girgiza kafireto da hannu injin na aiki, in silo ya sauya, ta tsage.

Sai batun cire tiyoyi a toshe da ƙusa, ko a mayar da su duk inda baki ya shiga. Kafireto irin Pierburg na Golf, da Aisan na Toyota, da Keihin na Honda, suna zuwa da tiyoyi kamar taliya, shi ya sa wasu makanikai ke tsige su gaba ɗaya wai an rage wahala. Bakunan da ke jikin kafireto ba iri ɗaya ba ne. Akwai wanda ke ƙasan faifan totur, yana zuƙa da ƙarfi tun a silo. Akwai wanda ke saman faifan kaɗan, ba ya zuƙar komai sai an taka totur. Ɗora yatsa a bakin, injin na silo, za ka bambance su da kanka. A motoci da dama, siririn tiyon da ke zuwa distiributa a kan nau'i na biyu yake zama. In aka kai shi na farko, wuta za ta riƙa riga lokacinta tun a silo, injin ya ɗaga murya, a zo a rage silo, komai ya rikice. In kuma aka toshe shi ɗungurungum, mota za ta yi tafiya, amma a doguwar hanya za ta sha mai fiye da kima kuma ta yi zafi, domin ɗan gwangwanin nan na jikin distiributa shi ke matso da wuta gaba lokacin da ake tafiya da sassauƙar ƙafa. Gwada shi abu ne mai sauƙi: cire murfin distiributa, zuƙi tiyon da baki, ka ga faifan ciki ya motsa, ka toshe da harshe ka ga ko zai riƙe. In iska kawai kake sha, robar cikinsa ta fashe. Kafin a cire ko da tiyo ɗaya, a ɗauki hoto da waya, a manna wa kowanne alama. Wasu motocin ma taswirar tiyoyin na manne a cikin bonet, ƙura ce ta rufe ta.

Tiyon burki kam ba a yi masa wasa. Na ga inda aka toshe shi don silo ya zauna, direba ya fita titi da burki kamar dutse. Rai ake magana.

Wani kuskuren shi ne saita kafireto injin na sanyi, cok, faifan da ke rage iska don tayar da injin mai sanyi, bai gama buɗewa ba, filtar iska a cire ko a cike da ƙurar hunturu. Duk saitin da aka yi a haka zai tashi a banza da zarar mota ta yi zafi. Haka nan wanda ya saita shi alhali taimin ya goce, kwantak ya cinye, fulogi ya mutu, ko bawul ya matse. A gyara waɗannan tukuna. Kuma a yawancin motocin nan ana cire tiyon distiributa a toshe shi kafin a duba taimin, sannan a mayar.

In an zo kan sukurun, a san biyu ne, aikinsu daban. Ɗaya yana tokare totur, shi ke ɗaga silo ko sauke shi. Ɗayan mai tsini ne, shi ke auna cakuɗar silo kawai, ba ruwansa da man da mota ke sha a kan gudu. Mai tsinin ana mayar da shi ciki da yatsu biyu har ya taɓa, ba a ɗaure shi kamar notin taya, in ba haka ba tsinin ya yi gwale, ramin ya buɗe, ya daina jin magana har abada. Daga nan a warware shi zagaye biyu, a tayar, a riƙa juyawa rubu'i-rubu'i ana jira injin ya amsa, har a sami inda ya fi tafiya sumul. Sannan a sauke silo zuwa wajen 800 ko 900 a minti. In ana juya mai tsinin injin bai ko kula ba, to an ɗaure na totur ya wuce gona da iri, ko hanyar silo ta toshe. Motar da aka kashe ta ci gaba da kakari, sau da yawa daga nan ne, ko daga ɗan solanoyid mai yanke man silo da ya daina rufewa.

Tun da aka janye tallafin fetur a watan Mayun 2023 roƙon da makanikai suka fi ji shi ne, "Oga, a matse min ita." Ina tausaya wa mai wannan roƙon, aljihu ne ya yi zafi. Amma injin da aka hana mai fiye da kima yana zafi, yana atishawa ta kafireto, yana ƙona bawul, kuma kuɗin sauke kan injin ya ninka abin da aka tsimi. Shan man gaske yawanci daga fulot yake, wato abin da ke iyo a cikin kafireto yana tsayar da shigar mai in ya cika. In tsayinsa ya wuce, ko allurarsa ta cinye, kafireto ya yi obafulo, baƙin hayaƙi da warin fetur su biyo salansa. Aisan da yawa suna da ɗan gilashi a gefe, mai ya tsaya a tsakiyar alamar, shi ke nan.

Jet kuma, ɗan ramin da ke auna man da ke wucewa, ba a tsokale shi da waya ko allura. A Solex lambar da ke jikinsa faɗin raminsa ce, 50 na nufin rabin milimita, kuma tagulla ce mai laushi, shiga ɗaya waya ta faɗaɗa ramin. A jiƙa shi, a busa da iska, a ɗaga shi a rana a leƙa. In dattin na dawowa duk mako, a duba tanki da filtar mai, musamman ga mai sayen na bumburutu. Wajen mayarwa a sa sabon gaskit a bushe, ban da gam ɗin silikon da fetur ke kumbura shi ya ɓalle ya toshe hanyoyi, a ɗaure notocin gindi a gicciye, kaɗan-kaɗan, don kada gindin ya karkace ya buɗe wa iska sabuwar ƙofa.