Sabon Ɗalibi a Ƙaramar Jami'a: Kama Gado, Zaman Ɗaki da Shiga Ƙungiya

Jami'o'in tarayya da aka kafa a 2011 a Dutse, Dutsin-Ma da Kashere, da na 2013 a Gusau, Birnin Kebbi da Gashuwa, ba su kai girman na Zariya ko Kano ba. Kamar sauran jami'o'in ƙasar, ɗalibai sun fi gadajen hostel yawa, ga shi kuma wuri ne da kowa ya san kowa. Kafin wata guda fota, wato mai kula da ƙofar hostel, ya haddace fuskarka, malamin da ke kula da ajinku ya san sunanka. Don haka makonni ukun farko ne ke shimfiɗa maka zaman shekarar.

Kama gado

Shafin makaranta ba zai buɗe maka wurin neman gado ba sai ka biya kuɗin rijista kuɗin sun nuna. A jami'o'in tarayya ta Remita, hanyar biyan kuɗi ta intanet, ake biya: ka fitar da lambar biyan da ake kira RRR mai alƙaluma 12 daga shafin makarantar, ka biya a banki ko da katinka, sannan ka koma shafin ka tabbatar da biyan. Wannan komawar ce mutane ke mantawa. Kuɗi sun fita daga asusu, amma shafi na nuna ba ka biya ba, kana zaune har gadaje su ƙare.

Yawanci sababbin ɗalibai da 'yan ajin ƙarshe da masu buƙata ta musamman ake fifitawa. Ranar da ofishin kula da harkokin ɗalibai ya sanar za a buɗe rabo, ka kasance a shirye da data da caji tun kafin lokacin. In ka dace, gadon ajiye maka kawai aka yi na 'yan kwanaki. Ba ka biya kuɗinsa cikin wa'adi ba, a ba wani. Ka buga rasit da takardar gado kwafi uku, ka ɗauki hotonsu a waya, ka tafi da hotunan fasfo wajen jami'in hostel ya sa hannu. Idan a kafe (shagon intanet) aka yi maka, ka duba sunanka da lambarka harafi-harafi kafin ka tashi, kuma ka canza kalmar sirri nan take.

Kada ka sayi gado a hannun ɗalibi. Sunansa ne a littafi, ranar bincike kai za a fitar da kayanka, ku biyun kuma ku gurfana gaban kwamitin ladabtarwa.

Kayan da za ka zo da su

Katifa mai cin mutum ɗaya (ka tambayi faɗin gadon kafin ka saya, don na ƙarfe mai hawa biyu siriri ne), gidan sauro, bokiti biyu, jarka mai lita 25, kwaɗo biyu masu ƙarfi, fitila mai caji, da bargo saboda hunturu. Jarkar nan ta fi kowane kaya amfani: famfon burtsatse sai an kawo wuta ko an tada inji yake zuba, ranar da bai zuba ba wanda ya tara ruwa tun dare shi ke zuwa lakcar ƙarfe 8 da wanka.

Na abinci, ka zo da abin da ba ya lalacewa: shinkafa, wake, taliya, garin kwaki, ƙuli-ƙuli, yaji, manja ko man gyaɗa. Wake ka zuba masa busasshen barkono a roba mai murfi saboda ƙwari. Kafin ka sayi risho ko ƙaramar tukunyar gas, karanta dokar hostel. Abin girki na lantarki da hitar da ake tsomawa a bokiti kusan ko'ina haram ne, kuma da dalili: wayoyin ɗaki an ja su ne don fitila da fanka. A ɗora musu hita biyu, waya ta yi zafi, robarta ta narke, a wayi gari da gobara.

Ranar da ka shiga, kafin ka shimfiɗa katifa, haska fitila a kusurwoyin ƙarfen gado da tsagar bango. Ɗigo-ɗigon baƙi alamar kuɗin cizo ne. Ku fitar da gadajen ɗakin gaba ɗaya rana guda, ku kwarara musu tafasasshen ruwa, ku shanya katifu a rana. Mutum ɗaya ya yi nasa shi kaɗai, aikin banza ne, daga gadon maƙwabci za su dawo.

Zama da mutane

Faɗan ɗaki daga abu uku yake tasowa: shara, kashe fitila, da taɓa kayan wani. Ku zauna a makon farko ku raba ranakun shara, ku liƙa a bayan ƙofa, ku yanke lokacin da mai karatun dare zai koma fitilarsa ko ya tafi aji. Ɗakin mutum huɗu ya koma na tara saboda 'yan alfarma da ba su da gado, lokacin zafi na Maris zuwa Mayu abin ya wuce takura, ya zama haɗarin sanƙarau. Ku bar tagogi a buɗe. Zazzaɓi mai zafi da ciwon kai da sandarewar wuya, asibitin makaranta za a wuce da mutum a daren, ba kemis ba. Shi ya sa ya kamata ka yanki katin asibiti tun kana lafiya.

Wanda bai samu gado ba sai haya a gari. Ka je da daddare ka ga unguwar, ka tambayi ɗaliban da ke ciki batun ruwa da wuta, ka lissafa kuɗin abin hawa na wata ka haɗa da na haya. A hannun mai gida ko wakilinsa da aka sani za ka biya, da rasit da shaida. Ɗalibai mata su fifita gida mai katanga da ƙofa ɗaya, kusa da jama'a.

Wace ƙungiya?

Za a yi ta miƙo maka fom: ƙungiyar sashenku, ta 'yan jiharku, MSSN ta ɗalibai Musulmi da aka kafa tun 1954 ko FCS ta ɗalibai Kiristoci, da kulob na muhawara ko wasanni. A zangon farko biyu sun ishe ka. Ta sashe ta fi muhimmanci, don nan ake samun tsofaffin tambayoyin jarrabawa da darasin da 'yan aji sama ke yi kyauta. Ta biyun ka zaɓi wadda ranka ke so, bayan ka tabbatar tana da rijista a ofishin harkokin ɗalibai. Duk wadda ake kiran taronta a ɓoye, ko aka ce sai ka yi rantsuwa, ka yi nesa da ita. Hukuncin shiga ƙungiyar asiri kora ce.

Amfanin ƙaramar jami'a a nan yake: hannaye kaɗan ne, aiki da yawa. Ɗan aji ɗaya da ya zo da wuri ya jera kujeru ya riƙe rubutun taro, baɗi shi za a nema ya zama sakatare. Wakilcin aji ma hanya ce ta sanin malamai, sai dai wayarka ba za ta huta ba, kuma kuɗin jama'a kada ka karɓa ba tare da rubuta suna da sa hannu ba.

Ma'aunin ko ka yi wa kanka yawa shi ne makinka. A tsarin maki 5, wanda ya ɗauki kwasa-kwasai masu yunit 18 ya ci B (maki 4 a kan kowane yunit) a duka yana da 72, a raba da 18, ya tashi da 4.00. Ya faɗi kwas ɗaya mai yunit 3, jimilla ta koma 60, ya sauko 3.33, ga kwas ɗin na jiransa baɗi. Yawancin jami'o'i kuma suna neman halartar kashi 75 cikin 100 na lakca kafin a zauna jarrabawa, kuma takarar kujerar ƙungiyar ɗalibai tana da mafi ƙarancin makin da ake buƙata. Ka ɗauko jadawalin lakca ka ajiye kusa da na tarukan ƙungiya; duk taron da ya ci karo da lakca ko gwaji, ka sanar da shugabanni tun ranar da za ka karɓi muƙamin cewa ba za a gan ka ba.