Yadda Za Ka Shiga Tseren Siklokuros Ka Ji Daɗin Asabar da Lahadinka

Siklokuros tseren keke ne da ba a cika bin kwalta a cikinsa ba. Ciyawa ake bi, da taɓo, da rairayi, ga shingayen da dole ka sauka ka saɓa kekenka ka tsallake. A Faransa ya samo asali, a Faris kuma aka yi gasar duniya ta farko a 1950. Yanzu 'yan Beljiyam da Holan ne gwanayensa, irin su Wout van Aert da Mathieu van der Poel. Su can da taɓo suke fama daga Satumba zuwa Fabrairu. Mu a Maradi rairayi Allah ya hore mana, hunturu kuma shi ne lokacinmu.

Fara da keke tun yammacin Juma'a. Kai shi wurin mai gyara ya duba birki, ya ɗaure sirdi, ya wanke kaca. A manyan gasanni hukumar tseren keke ta duniya, UCI, ba ta yarda faɗin taya ya wuce milimita 33 ba, amma a tseren 'yan sha'awa duk keken da ke da taya mai gurzu ya isa. Rage iska har tayar ta ɗan lotsa in ka danna da babban yatsa, don taya mai tauri nutsewa take a rairayi. Ka tafi da tub biyu da famfo. Ni tsidau ya taɓa fasa mini tayoyi biyu a zagayen farko, na koma gefe ina kallon abokaina, raina a ɓace ƙwarai.

Ranar Asabar ta sanin fili ce. Zagaye ɗaya yakan kai kilomita 2.5 zuwa 3.5, shinge kuma ba ya wuce santimita 40 a tsayi. In a bakin Gulbi kuka shata naku, ku fara gaida mai unguwa da masu lambu, kada a taka wa mutum shukarsa. Bi filin da ƙafa, ka gane inda ƙasa ke da tauri da inda take cin taya.

Sannan ka koyi sauka, domin nan ne ake cin tseren. Kana cikin tafiya, ka ɗago ƙafar dama ta bayan sirdi, ka dira ta hagu, tunda kaca tana dama. Kama ƙarfen tsakiya, ka ɗora shi a kafaɗar dama, ka zagayo da hannu ka riƙe kan keken don kada ya yi ta lilo. Wajen hawa, cinya ce ke fara sauka a sirdi, kada ka faɗa masa gaba ɗaya. Yi ta maimaitawa har jikinka ya riƙe. Na sha ganin ƙarfafan samari suna naci a kan feda cikin rairayi, wani siririn yaro ya saɓa nasa ya wuce su da gudu. Sauka ba abin kunya ba ne a wannan wasa.

Lahadi ka karya da wuri, kunu da ƙosai sun wadatar, ka sa hular kwano. Tare ake tashi, kuma tseren minti 30 ne zuwa awa ɗaya, don haka kada ka ƙarar da numfashinka a farko. Da ka tunkari rairayi, shiga da gudu, mayar da nauyinka baya, sassauta riƙon kan keken, ka bi sawun wanda ya riga ka. In ka ji ƙararrawa, zagayen ƙarshe ke nan, zuba duk abin da ya rage.

Kana gamawa kada ka yi saurin tafiya gida. Tsaya ka yi wa na baya kirari, a sha fura a inuwa, a ɗora shayi. Kafin magariba ka wanke kaca da kananzir ka sa mata mai kaɗan, don rairayin da ya kwana a cikinta cinye ta yake yi.