Yadda mai ciwon suga zai kare ƙafarsa daga ɓoyayyen kumburi

In suga ya daɗe yana sama, garkuwar jiki ba ta hutawa. Takan yi ta sakin sinadarai masu haddasa kumburi irin su IL-6 da TNF-alfa, kitsen tumbi ma yana ƙara nasa. Wannan kumburi ba ya tayar da ƙurji ko zazzaɓi, amma shi da sugan suna lalata ƙananan hanyoyin jinin da ke ciyar da jijiyoyin ji. Na ƙafa sun fi tsawo, shi ya sa abin ke farawa daga yatsu: zafi kamar an zuba barkono, tsikari da dare, daga baya ƙafa ta daina ji. Kusan rabin masu ciwon kan gamu da wannan.

Fara da awon HbA1c, wanda ke nuna yadda suganka ya kasance cikin kusan wata 3. Ga yawancin manya ana son ya sauka ƙasa da kashi 7.

Sai kwano. A Kabi shinkafa ce sarauniya, ba wanda zai ce ka rabu da ita, amma rage malmalar, ka ƙara wake, zogale da kifi. Fura da suga kuwa, a yi haƙuri. Ka riƙa tafiya da sauri, minti 150 a mako, ka bar taba.

Na uku shi aka fi yi wa sakaci. Kowane dare ka duba tafin ƙafa da tsakanin yatsu, ko wani ya duba maka. Manomin Argungu da ke shiga fadama ba takalmi, ƙaya za ta iya sokarsa bai sani ba sai gyambo ya kama. Kada ka gasa ƙafa a wuta lokacin hunturu. Sau ɗaya a shekara ka je asibiti, kamar na Sir Yahaya a Birnin Kebbi, a gwada jin ƙafar.

Jin an ce kumburi, kada ka ruga kemis neman maganin kumburi. Diclofenac ba ya maganin zafin jijiya, yana kuma wahalar da ƙoda, dexamethasone kuwa tayar da suga yake yi. Likita ne zai zaɓa maka maganin zafin jijiya irin su amitriptyline ko pregabalin. In ka daɗe kana shan maganin suga na metformin, ka nemi a auna maka bitamin B12, don ƙarancinsa ma yana kashe jin ƙafa.