Yadda Ake Bin Gyaran Injin A-Kori-Kura Mai Garanti Idan Ƙarfinsa Ya Ragu

A-kori-kura motar neman abinci ce, duk ranar da ta kwana a garejin dila asara ce ga mai ita. Abin da ya fi ƙona rai shi ne a ce motar sabuwa ce, garantinta bai ƙare ba, tana nishi a kan tudun da a da take haurawa da kaya ba tare da an sauke giya ba, a kai ta wurin dila ta yi sati biyu, sannan a kira ka a ce ba a ga komai ba. Ana iya rage wannan jinkiri tun kafin a miƙa makulli, idan an fahimci abu guda: dila ba da kuɗinsa yake gyaran garanti ba. Kamfanin da ya ƙera motar ne ke biyansa, kuma kamfanin ba ya biya sai an nuna masa hujjar cewa laifin ƙira ne ko na kayan da aka sa. Saboda haka aikinka na farko shi ne tara wannan hujja.

Kada ka goge komai

Da zarar fitilar inji ta kunnu a dashbod, kwamfutar motar ta riga ta ajiye abu biyu: lambar matsalar, da bayanin halin da inji yake ciki a daidai wannan lokacin, wato gudun mota, juyin inji, zafin ruwa da nauyin da yake ja. Wannan bayani na biyu shi makanikin dila ya fi buƙata. Idan aka goge lambar da na'urar gwaji, shi ma ya tafi, kuma cire kan batir yana iya share shi a motoci da yawa. Mutane kan yi wannan kuskure da kyakkyawar niyya, su ce bari a goge a ga ko za ta dawo. Wanda ya yi haka ya kai wa dila mota mai tsabtataccen tarihi, sai a rubuta masa cewa ba a samu matsala ba.

Karantawa ba laifi ba ne. Soket ɗin OBD, inda ake jona na'urar gwaji, mai ƙafa 16 ne, yana ƙarƙashin dashbod a gefen direba, kuma ya zama dole a ƙananan motocin da ake sayarwa a Amurka tun 1996. Jona na'urar, ɗauki hoton allonta, ka cire ba tare da ka taɓa maɓallin gogewa ba. P0299 na nufin turbo, mai cusa ƙarin iska cikin inji, ba ya tura iskar da ta kamata. P0087 ƙarancin matsin mai ne a bututun da ke raba wa injektoci masu fesa mai cikin inji. P0101 ya shafi sensar da ke auna iskar da ke shiga, P0401 bawul ɗin EGR ne, mai mayar da wani ɓangaren hayaƙi cikin inji, P2463 kuwa kunkunniya ce ta cika matatar hayaƙi ta DPF. A injin fetur, P0300 yana cewa wuta na tsallake a silinda fiye da ɗaya, P0301 kuma silinda ta ɗaya ce kaɗai. Lambar tana nuna inda kwamfuta ta ga alama ne, ba lallai abin da ya lalace ba. Sau da yawa P0299 tiyon intakula (mai sanyaya iskar turbo) ne ya tsage ko kilif ɗinsa ya kwance, turbo kuwa lafiyarsa ƙalau.

Akwai alamun da ba a jira da su. Idan fitilar matsin baƙin mai ta kunnu ja, ko allurar zafi ta kai ja, ko ka ji ƙwanƙwasa mai nauyi daga cikin inji, tsaya a wuri mai kyau ka kashe, a jawo motar. Idan fitilar inji tana ƙyaftawa a motar fetur, man da bai ƙone ba yana gangarawa cikin salansa yana dafa matatar hayaƙi. Ci gaba da tuƙi bayan irin wannan gargaɗi yana cikin manyan dalilan da kamfani ke kafawa ya ƙi biya.

Duba abin da dila zai ɗora maka

Garanti ba ya ɗaukar abin da rashin kula ya jawo, don haka gara ka riga su dubawa. Ajiye motar a daidaitaccen wuri, inji a kashe na kamar minti 10, ka zaro gejin baƙin mai. Idan ya yi ƙasa, rubuta lambar mita da adadin da ka ƙara. Idan kuma ya haura layin sama alhali ba ka ƙara ba, ka shinshina. A injin dizal mai DPF wannan alama ce ta cewa dizal yana gangarawa cikin baƙin mai, yana tsinka shi.

Ga yadda abin ke faruwa. Matatar DPF tana tare kunkunniya, idan ta taru sai kwamfuta ta fesa ƙarin dizal don zafin salansa ya kai wajen digiri 600 ya ƙone ta. Wannan ƙonawa tana son tafiya ta minti 20 zuwa 30 ba tsayawa, a gudun da ya wuce kilomita 60 a awa. Motar da kullum gajeren zango take yi, a tashe ta a kashe, ko a bar ta tana aiki a tsaye na awanni, ba ta samun damar kammalawa. Kwamfuta ta yi ta sake farawa, ragowar dizal na sauka ta gefen fistin, matatar na ƙara toshewa, har kwamfuta ta taƙaita ƙarfin injin da kanta don ta kare shi. A nan ne za ka taka totur har ƙasa motar ta ƙi amsawa. Littafin motarka ya faɗi abin da za a yi idan fitilar DPF ta kunnu, ka bi shi kafin matsalar ta kai matakin da sai na'urar dila. Irin wannan inji kuma baƙin mai mai ƙarancin toka yake sha, wanda littafin ya ambata. Wani daban zai toshe matatar da tokar da wuta ba ta ƙonawa.

Buɗe akwatin filtar iska ka ɗaga ta ga haske. Bi tiyoyin turbo da na intakula da ido da hannu, inji a sanyi: inda ka ga jiƙon mai baƙi ya taru a bakin haɗi, sau da yawa nan iska ke gudu, kuma za ka ji fito ko huci idan an taka totur. Tsiyaye ruwan da ke taruwa a ƙasan filtar dizal, domin ruwa yana cin famfo da injektoci, kuma gurɓataccen mai ba ya cikin garanti. Kada ka kusanci bututun ƙarfe na injekta da sifana. Matsin da ke ciki yana kaiwa 1,600 zuwa 2,000 a ma'aunin bar, ya isa ya huda fata. Idan motar na amfani da AdBlue, ruwan da ake fesawa cikin salansa don tsabtace hayaƙi, duba ko ya kusa ƙarewa, don idan ya ƙare kwamfuta tana rage gudu ko ta hana inji tashi.

Kalli hayaƙin ma. Baƙi na nufin mai ya fi iska yawa, shuɗi baƙin mai ne ke ƙonewa, fari mai kauri da bai daina ba bayan inji ya yi zafi, tare da raguwar ruwan lagireto, yana nuni ga gasket ɗin kan inji.

Sai lodi. Nauyin da aka yarda motar ta ɗauka yana rubuce a jikin ginshiƙin ƙofar direba, kuma ya haɗa da mutanen da ke ciki. Injin da ba shi da turbo yana rasa kusan kashi 3 cikin 100 na ƙarfinsa a kowace mita 300 da aka hau sama, wannan halitta ce, ba lalacewa ba.

Mayar da koke ya zama abin da za a iya gwadawa

"Motar ba ta da ƙarfi" ba abin da makaniki zai iya aunawa ba ne. Ka rubuta kamar haka: bayan minti 25 ana tafiya, inji ya yi zafi, da kaya kimanin kilo 600, a kan hawa, a giya ta huɗu, juyin inji wajen 2,000, sai ƙarfi ya yanke, fitila ta kunnu, idan an kashe an sake tayarwa sai ya dawo. Duk lokacin da abin ya faru ka sa kwanan wata da lambar mita. Wanda ke zaune a gefenka ya ɗauki bidiyon dashbod da ƙarar inji, kai ka riƙe sitiyari.

Haɗa wannan da littafin sabis da rasitan duk canjin mai da filta, masu nuna kwanan wata, mita da nau'in man. Rubuta lambar VIN, wato lambar shaidar mota mai haruffa da lambobi 17, ka tambayi dila ya duba ko akwai kiranye ko sanarwar gyara da kamfani ya fitar a kan wannan inji. Idan matsalar sananniya ce, hanyar gyaranta a rubuce take, amincewa kuma ba ta daɗewa.

Idan an taɓa manhajar kwamfutar inji don ƙara ƙarfi, ko an cire DPF ko EGR, ka sani kwamfutoci da yawa suna ajiye alamar hakan ko da an mayar da manhajar asali, kuma wannan ya isa a ƙi biyan gyaran inji.

Ranar miƙa mota

Nemi a fita gwaji tare da makaniki, kai kana tuƙi, da irin lodin da ke tayar da matsalar. Mota fanko a kan shimfiɗaɗɗen titi na minti biyar ba za ta nuna komai ba. Kafin ka sa hannu a katin aiki, karanta ka tabbatar an rubuta kokenka da kalmominka, da kwanan wata da mita, ka karɓi kwafi. Wannan takarda ita ce shaidarka cewa matsalar ta faro a cikin wa'adin garanti, ko da wa'adin ya cika motar tana jiran kaya. Ɗauki hoton jikin motar da gejin mai. Tambayi wa zai biya kuɗin bincike idan aka ce ba laifin garanti ba ne, kuma ka sa a rubuta cewa ba za a yi aikin kuɗi ba sai da izininka.

Idan ta fara daɗewa

Jinkiri kusan kullum a ɗaya daga wurare huɗu yake maƙalewa: ba a gano matsalar ba, an gano ana jiran amincewar kamfani, an amince ana jiran kaya, ko kaya sun zo ana jiran makaniki. Tambayar "yaya motata?" amsarta kullum "muna kai". Ka tambayi a wane mataki take. Idan amincewa ake jira, wace rana aka tura buƙatar, mece ce lambarta, kamfani ya nemi ƙarin hoto ko awo? Manyan ayyuka irin su canjin turbo, injektoci ko inji gaba ɗaya sukan buƙaci wannan izini, kuma buƙatar da aka tura ba cikakkiya ba tana iya zama kwanaki ba wanda ya waiwaye ta. Idan kaya ake jira, karɓi lambar kayan da ranar odar, ka tambaya ko an yi odar a matsayin ta gaggawa saboda mota a tsaye take, ko an nemi kayan a wurin wasu dilolin kamfanin. Game da makaniki kuwa, gaskiya ita ce kamfani lokacin da ya ƙayyade wa kowane aiki yake biya, wanda sau da yawa bai kai na aikin da mai mota ke biya da kansa ba, kuma masu takardar ƙwarewa a dizal ba su da yawa a gareji. Shi ya sa motar da mai ita ya yi shiru take komawa bayan layi.

Duk maganar da aka yi ta waya, bi ta da gajeren saƙo a rubuce ga manajan sashen gyara: abin da aka faɗa, da ranar da aka yi alkawari. Sau biyu a mako ya isa, cikin ladabi, domin faɗa da ma'aikacin da ke karɓar mota ba ya kawo kaya, kuma shi ne zai tura maka takardunka. Idan matsalar ba ta hana tuƙi lafiya, tambaya ko za ka iya tafiya da motar har kaya su iso, a rubuta maka amincewar. In ba haka ba, nemi motar aro. Wasu takardun garanti sun tanadi hakan, wasu kuma sai an roƙa.

Idan ranar alkawari ta wuce sau biyu, kira sashen kula da abokan ciniki na kamfanin da ya ƙera motar, ka buɗe koke, ka karɓi lambarsa, ka tura musu katin aiki da jerin kwanakin. Daga nan sai hukumar kare haƙƙin masu saye ta ƙasar da aka sayi motar. Doka ta bambanta daga ƙasa zuwa ƙasa. A Amurka, dokar Magnuson-Moss ta 1975 ta hana kamfani sharɗanta garanti da cewa dole a yi amfani da kayansa ko garejinsa wajen sabis na yau da kullum, sai in kyauta yake bayarwa. A jihar Kalifoniya, idan sabuwar mota ta yi sama da kwana 30 a gareji, ko an gwada gyara matsala ɗaya sau huɗu ba a dace ba cikin wata 18 ko mil 18,000 na farko, mai ita yana da hujjar neman a canza masa ko a mayar masa da kuɗinsa. Irin wannan doka da ƙirgen kwanaki da yawan zuwa take aiki, don haka kowane zuwa sai da katinsa, har wanda aka ce ba a ga komai ba.

Ranar karɓa, nemi takardar da ta lissafa abin da aka gano, kayan da aka canza da lambobinsu, da manhajar da aka sabunta, ko da kuɗin sifili ne. Buɗe bonet ka duba kilif-kilif na tiyo da gejin baƙin mai kafin ka bar harabar. Rashin fitila a dashbod a wannan rana bai tabbatar da komai ba, saboda an goge lambobin, kuma yawancinsu sai kwamfuta ta ga matsalar a tafiya biyu a jere take kunna fitila. Koma kan tudun nan da irin wancan lodin, a giyar da ka rubuta, ka maimaita cikin kwana biyu ko uku, sannan ka jona na'urarka ka duba har da lambobin da ke jiran tabbaci. Idan wadda ka fara gani ta dawo, ɗauki hotonta, ka koma a buɗe sabon kati mai ambaton lambar na farko.