Yadda ake auna ruwan sama da siginar turakun waya

Farantan da ke manne a jikin turakun sadarwa, kowane yana fuskantar ɗan'uwansa a wani turken, sigina suke aika wa juna, galibi tsakanin GHz 7 da 40 (GHz ma'aunin mitar sigina ne). Idan ruwa ya sauka a tsakaninsu, ɗigon yana cin wani ɓangare na siginar. Abin da ya ɓace ɗin nan shi muke mayarwa milimitar ruwan sama. Hagit Messer da abokan aikinta a Jami'ar Tel Abib suka nuna haka a 2006, kuma a 2012 aka gwada shi a Burkina Faso a kan layi ɗaya, wato hanyar sigina tsakanin turaku biyu, mai tsawon kilomita 29.

Da farko ka samo bayanai daga kamfanin sadarwa. Nan ne lokaci ke tafiya, domin sigina kyauta take yawo amma rajistarta na hannun kamfani. Ka nemi ƙarfin siginar da aka karɓa, da wanda aka aika, da wurin kowane turke, da GHz ɗin layin. Kada ka yarda a ba ka na karɓa kaɗai. Na'urori da yawa suna ƙara wa kansu ƙarfin aikawa da zarar ruwa ya fara, sai asarar ta ɓuya. Yawancin kamfanoni, adadin sigina mafi ƙanƙanta da mafi girma kawai suke ajiyewa duk minti 15. Ya wadatar, amma in akwai na kowane minti, shi za ka karɓa.

Sai ka raba lokacin ruwa da lokacin da babu, kuma a nan masu farawa ke faɗuwa. Suna ɗauka duk inda sigina ta yi ƙasa ruwa ne. Ni ma haka na yi a layina na farko: kowace asuba sai lissafi ya ba ni yayyafi, alhali ma'aunin da ke kusa a bushe yake ƙayau. Ashe raɓa ce ke kwanciya a murfin farantin, rana na fitowa ta bushe. Iska mai kaɗa turke da sauyin zafi ma suna motsa sigina. Maganin shi ne ka duba maƙwabta. Idan layukan da ke cikin kilomita 15 suka yi ƙasa tare, ruwa ne. Idan naka kaɗai ne, ka yi shakka. Inda babu maƙwabci, ka auna yawan rawar siginar cikin awa ɗaya, domin ruwa yana sa ta tsalle, raɓa kuwa a hankali take janyo ta.

Daga lokutan da ka tabbatar babu ruwa cikin awa 24 da suka wuce za ka fitar da matsayin sigina na yau da kullum. Ka ɗauki adadin da ya faɗo tsakiya bayan ka jera su. Kada ka kafa lamba ɗaya ta wata guda, matsayin yana gocewa.

Yanzu jiƙar faranti. Ruwan da ya manne a murfi yana iya cin desibel (ma'aunin asarar sigina) 1 zuwa 2 ko fiye, ko da ruwan ya ɗauke. A GHz 23, milimita ɗaya a awa yana cin kusan desibel 0.13 a kowace kilomita. To, layin kilomita 5 da ya rasa desibel 6.5 ya ga kusan milimita 10 a awa. Amma a layin kilomita ɗaya, desibel 2 na jiƙar faranti kaɗai zai ba ka kusan milimita 15 na ruwan da bai sauka ba! Shi ya sa ba na taɓa layin da bai kai kilomita ɗaya ba a aikin farko. Ka cire adadin jiƙar kafin ka raba da tsawon layi, ba bayan ba.

Sauran lissafin ba wuya. Lambobin juya desibel zuwa milimita suna cikin ƙa'idar ITU-R P.838 ta hukumar sadarwa ta duniya, kuma manhajojin pycomlink da RAINLINK kyauta ne. Ka kwatanta sakamako da ma'aunin ruwa na ƙasa, kana sane cewa layi matsakaicin dukan tsawonsa yake bayarwa, ma'auni kuwa wuri ɗaya.

Tururin ruwa da ke cikin iska shi ma ana aunawa, a lokacin da babu ruwa. Ya fi shan sigina a GHz 22.235, don haka layukan 22 da 23 za ka nema. Abin da yake ci kaɗan ne, kusan desibel 0.2 a kilomita, saboda haka na'urar da ke rubuta cikakken desibel kawai ba za ta gan shi ba. Ka nemi dogon layi mai rubuta desibel 0.1, ka daidaita shi da ma'aunin laima na tashar yanayi mafi kusa, sannan ka juya da ITU-R P.676.