Yadda Ake Adana Fim Ɗin Hoto a Zariya

Zafi da laima su ne manyan abokan gaban fim, musamman mai kala, saboda haka kada a bar shi cikin mota a zafin Afrilu. A ajiye shi a firiji cikin robarsa a rufe, kuma idan an fito da shi a jira kamar awa 2 kafin a buɗe, domin raɓa tana taruwa a kansa. Inda wuta ba ta tsayawa, ɗaki mai inuwa ya fi. Da an gama ɗauka, a kai wanki. Wanda aka wanke kuwa a riƙe shi ta gefe, a killace shi, domin ƙurar hunturu tana karce shi.