Mumpsimus ba sunan kowane kuskure ba ne

Na gaji da ɗaliban da ke tsinto kalmar Turancin nan mumpsimus (wato mai kafewa kan kuskure bayan an gyara masa) a ƙamus, su riƙa liƙa ta ga duk wanda harshensa ya yi tuntuɓe. Ni ma na taɓa tafka wannan ɓarna, kuma na ji a jikina.

Ina sabon malami, shugaban sashenmu ya ba ni tambayoyin jarrabawa in duba masa. Na ga kuskure guda, na ja layi da jan biro, na rubuta "mumpsimus" a gefe, ina ji da kaina. Washegari ya kira ni ofis, ya turo min ƙamus a buɗe, ya ce, "Karanta, malam." Ashe mai kunnen ƙashi na kira shi. Har zangon ya ƙare, da ƙyar yake amsa gaisuwata.

Kalmar daga labarin wani limamin coci ta fito. A addu'arsu ta Latin ya kamata ya ce sumpsimus, wato "mun karɓa", shi kuwa shekara da shekaru mumpsimus yake faɗa, abin da ba shi da wata ma'ana. Da aka gyara masa, ya ce ba zai musanya tsohuwar mumpsimus ɗinsa da sabuwar sumpsimus ɗinsu ba. Erasmus, wani masani ɗan ƙasar Holland, ya kawo labarin a wata wasiƙa a 1516, kuma Sarki Henry na Takwas na Ingila ya yi amfani da kalmar a jawabinsa ga majalisa a 1545, yana faɗa kan rigimar malaman coci. To ka gani, kafiyar ce laifin. Wanda ba a taɓa gyara masa ba, me ya kafe a kai? Ni yanzu kafin in rubuta ta sai na tambayi kaina: an faɗa masa ya ƙi? In ba a faɗa ba, na ajiye biro.

Ku kuma daina cakuɗa ta da 'yan'uwanta. Malapropism ɗauko kalma mai kama da wadda ake nufi ne bisa kuskure, daga sunan wata mata, Misis Malaprop, a wasan kwaikwayon da marubuci Sheridan ya fitar a 1775. Solecism karya nahawu ne, daga garin Soloi, a kudancin Turkiyya ta yau.

Sai rubutun. Da yake ba mu da harafin p a Hausa, rabin aji "mumsimus" suke kawo min. Kowa na mayar masa da takardarsa ya sake.